Kududdufin Bayan Gidanmu

Ni fa an haife ni ne a tsakiyar kukan kwaɗi. Kududdufin da ke bayan gidanmu a Ɗanzomo, idan damina ta zauna, kwaɗinsa na yin kukan da na rantse har Maigatari ana toshe kunne. A nan kakata Iya Tasalla ke tara mu bayan sallar isha, a bakin murhu, tana gasa mana masara tana korar sauro da gefen zane.

"Ku matso, tatsuniyata ta jiƙe, zan shanya ta a kunnuwanku. Kai mijin banza, rufe baki, ka fi kwaɗin surutu." Ni ke nan.

Wai a wani gari an yi attajirin da kukan kwaɗi ya hana shi barci. Ya tara jakuna, aka yi ta jido ƙasa har aka cike kududdufin garin. Babban kwaɗo ya leƙo ya ce, "Alhaji, mu masu gadi ne kawai. Ɗakin nan na ruwa ne, yana tafe." Attajiri ya sa aka take shi. Da ruwa ya iso bai tarar da ɗakinsa ba, sai ya shiga na attajiri, ya hau gadonsa ya kwanta. Mu yi ta dariya har masara ta ƙone.

Yau aikina ke nan, bin kwaɗi. Na yi karatun har gashina ya gudu, ina yawo a babur daga Gumel zuwa Gagarawa da dogon takalmin roba da na'urar ɗaukar sauti. Abokaina na kirana Sarkin Kwaɗi, ina amsawa. Amma abin da nake gani ba na dariya ba ne. Ruwan farko ya sauko, kwaɗi su fito daga ƙarƙashin ƙasa su zuba ƙwai, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Tafki ya ƙafe, 'ya'yan su soye a laka tun wutsiyarsu ba ta faɗi ba. Namu kududdufin ne mai zurfin da ke riƙe ruwa har su yi ƙafa.

Shi ne yayana Sale ya sayar wa mai gidan bulo. Sale! Wanda muka ci masarar nan tare!

Na je na same shi a ƙofar gida. "Yaya, ka san abin da ka sayar?"

"Rami na sayar, Malam. Ramin sauro. Kwaɗinka ne za su aurar min da 'ya'ya?"

Na yi bayani har miyau ya ƙare: su ke cin ƙwarin gona, ramin ke shanye ambaliya. Ya ce in sha shayi in huce. Washegari tifa ta fara juye ƙasa.

Na shiga laka har gwiwa, ni da tumbina, na kwashi abin da na iya na 'ya'yan kwaɗin a bokiti biyu, yara na yi min ihu. Na kai su wani tafki wajen Sule Tankarkar. Kafin mako ya zagayo shi ma ya ƙafe.

Da muna yara attajirin muke yi wa dariya, don mun ɗauka baƙo ne daga wani gari. Iya ba ta taɓa gaya mana a bakin murhunta yake zaune ba. Sale ya aiko min da kasona na kuɗin filin, gado ne, ina da haƙƙi. Na mayar masa. Har yau ba mu gaisa ba.