Tayil Ɗin Bayan Firji

Mai sa tayil ɗin dattijo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare. Yana tsugune gaban ramin da mai gyaran famfo ya bari a bangon kicin, yana jujjuya fasasshen tayil.

"Hajiya, an daina yin irinsa."

Matar gidan ta tsura wa tayil ɗin ido. Marigayi mijinta ne ya zaɓo shi.

"To Baba, mu sa wani kala?"

"Allah ya kiyaye! Kama min firjin nan."

A bayan firjin, inda ido ba ya kaiwa, ya shiga ɓamɓaro tayil guda huɗu don rufe ramin, a hankali kamar wanda ya saba cire wa jikoki ƙaya. Da na huɗun ya fito lafiya, ta manta a shekaru ya haife ta.

"Allah ya yi maka albarka!"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Amin, Inna."