Harufa Goma a Wuyan Riga

"Wai me take ɗinkawa a wuyan rigar mijinta?"

"Sunanta mana, kar a sace mata shi."

"Ke dai! Wa zai saci mai wannan tumbin?"

Telar tana jin matan da ke zaune a bakin shagonta, ba ta ɗago daga kan keke ba. Shekara ashirin tana shagon nan, ba a san ta da gaggawa ba sai bana. Yanzu waya na yin ƙara sai ƙafarta ta zame daga feda.

Bara aka yi wa mijinta, direban babbar mota, ƙaramin aiki a ciki. Bayan allurar barci aka bi da wadda ke sakin jiki don a zura masa bututun numfashi. Nan take ya yi ruɗu-ruɗu, ƙirji ya toshe, jini ya sauka. Da kyar aka ceto shi. Da aka yi gwaji, likita ya rubuta sunan maganin a kati, ya ce jikinsa ba ya karɓarsa, kar a kuskura a sake.

Sati guda katin ya yi, aka wanke shi cikin wando. Allah ya sa ta riga ta kwafe. Harufa goma ne, ba ta iya furta su, amma ta bi su da jan zare a wuyan kowace rigarsa, ko da za a kwashe shi a hanya bai san inda yake ba.

Yau ƙanwar mijin, wadda ke aikin jinya, ta zo karɓar ɗinki. Ta ga rigar yayanta a kan keke, ta juya wuyan, ta karanta.

"Yaya, in aka kawo mutum a sume, almakashi muke sa wa riga. Wa ke duba wuya? Hannu muke fara kamawa."

Gobe da safe mijin zai ɗau hanya. Telar ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa, ta kira shi, ta ce za ta sa a yi masa abin hannu mai sunan maganin.

"Ni da awarwaro?" in ji shi. "Direbobi su kashe ni da dariya?"

"Su yi ta yi, kana raye kana ji."

Ko shagon ba ta rufe ba. Ta tsallaka titi da rigar a hannu, ta shimfiɗa wuyan a gaban tsohon maƙerin zobba.

"Baba, don Allah buga mini waɗannan a ƙarfe, kar ka tsallake ko ɗaya. Kuma ka sa masa maɗauri mai taurin da ba zai ɓalle shi da hannu ɗaya ba."