Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Baba Ayuba

Jiya a gidana a Barnawa na sa kaset ɗin a tsohuwar rediyo. Baba Ayuba ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ku saurara. Da kakanninmu suka sauko daga dutse..." Sai kiɗan kamfen ya danne shi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ne ƙungiyarmu ta adana tarihi ta je ƙauyenmu, bayan Kakau, ta ɗauki muryarsa. Shi kaɗai ya rage da ya san asalin kowane gida. Kaset shida muka cika, muka ba sakatarenmu, Malam Bitrus, ajiya.

Daga wurinsa na karɓo wannan. Da na ji kiɗan, nan take na kira shi a waya.

"Malam Bitrus, me ka yi wa muryar Baba?"

"Haba, Malama! Lokacin zaɓe ne, sabon kaset ya yi wuya. Na saurara na ji hirar tsoho ce kawai, sai muka ɗora waƙar Honarabul a kai."

"Duka shidan?"

"Ai jama'a na ta nema."

Baba Ayuba ya daɗe a kabari. Honarabul ɗin kuwa ko akwatin ƙofar gidansa bai ci ba.

Kakanninmu sun sauko daga dutse. Don Allah ku gaya mini, wa zan tambaya inda suka nufa?