Inna da Sunan 'Yar Fari

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar, Baba ya rufe teburinsa na nama a kasuwar Ogbete, can ƙasar Ibo inda muke zaune, tun kafin azahar, ya sa ni da Inna a keke mai ƙafa uku sai asibiti. Wata da watanni ina haɗiyar maganin tarin fuka, amma tarin na nan daram, na rame har zanena sai na ninka shi kafin ya ɗauru. A ranar ne sakamakon gwajin kakina ya fito. Irin tarin da na ɗauka wurin Kawu Sale, wanda ya zauna da mu yana shan magani yana bari, ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Za a koma wasu ƙwayoyin, da allura kullum. Nas ɗin, wata 'yar Ibo mai fara'a, ta ce allurar kan taɓa kunne, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. "Madam, every morning stand for her back, call her name small small," in ji ta, Baba na fassarawa: wai kullum da safe Inna ta tsaya a bayana ta kira sunana a hankali. In ban waiwayo ba, a kawo ni a ranar.

Inna ta sunkuyar da kai. Baiwar Allah nas ba ta san abin da ta ɗora mata ba. Ni ce 'yar fari, kuma sunan uwar Baba aka sa mini, Rabi. Kunya biyu ke nan. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Baba kuwa kafin gari ya waye ya tafi mayanka.

Gidanmu na haya a Asata ɗakuna ne reras, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Aka ware mini kwano da kofi, aka shimfiɗa mini tabarma a baranda inda iska ke kaɗawa. Daga nan nake kallon ƙanwata Bilki da 'ya'yan maƙwabciyarmu Mama Chidi suna carafke, ba mai matsowa kusa, ni kuma haushi kamar ya kashe ni. Inna ta samo wa kanta dabara: kowace safiya sai ta lallaɓo ta bayana ta ƙwanƙwasa ludayi a murfin tukunya. In zabura in harare ta, ta ce, "Ga shi tana ji, alhamdulillahi." Ba wanda ya lura cewa wannan ƙarar ko kurma ya ji ta. Akwai wani zuuu da ya tare a kunnena, na ɗauka janaretan maƙwabta ne. In Bilki ta yi magana sai in daka mata tsawa ta daina ƙunƙuni.

Wata Asabar da hantsi ina tsintar wake, na ba ƙofa baya. Da na juyo neman faifai sai na ga Inna tsaye dab da ni, hannu a baki, hawaye na zuba, gidan ya yi tsit. Na zaci mutuwa aka yi. Bilki ta zo saitin fuskata ta ɗaga murya: "Yaya, Inna ta kira sunanki. Ta yi ta kira, ba ki juyo ba." Ashe Inna ta daɗe tana lura da yadda nake karkatar da kai in ana magana, tsoro ya fi ƙarfin kunyar. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta goye ni kamar jaririya, ta tare babur ɗin okada sai asibiti, ita da ba ta taɓa hawa ba. Aka dakatar da allurar aka sauya magani. Na warke bayan doguwar jinya, kunnen dama ya tsira, na hagu ya tafi.

Yanzu yaran da wannan tari ya kama ƙwayoyi suke sha, an bar waccan allurar, ina kuma yi musu murna har zuciyata. Inna ta koma "ke" tun ranar da aka sallame ni, a haka ta rasu. Ban taɓa iya roƙonta ta maimaita ba, ni ma kunyar ta hana. Bilki ta ce ranar nan a hankali Inna ta faɗe shi. Duk gidan sun ji, ban da mai sunan.