Faifan Bahaguwa

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman shago waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma ranar da wata tsohuwa ta riƙe faifai a shagona ta ƙi saki, wannan kam ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Shagon nawa yana tsakiyar Talata Mafara, a kan hanyar shiga kasuwa. Ba na ajiye kayan kamfani, sai na hannun mutanenmu: tabarmin Morai, tukwane, ƙore, huluna, sabulun salo, ƙuli-ƙuli da faya-fayai. Yawancinsu aikin matan aure ne da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Dillalai ne ke shiga gidaje su karɓo, kuma a wajenmu sunan matar aure ba ya zuwa kasuwa, sai dai a ce na gidan wane ne. Ni kuwa ban taɓa damuwa ba, tunda kaya na fita.

Wata Talata, shago ya cika, sai ga tsohuwar nan da ƙwaryar daddawa, tana so in ajiye mata. Tana cikin waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyukan wajen Janbako, a ƙasar Maradun. Ta gaishe ni gaisuwar da ba ta ƙarewa, ta tambayi gida da yara da gajiya da kasuwa, ni kuma ina amsawa rabin hankalina na kan masu ciniki. Tana cikin haka idonta ya faɗa kan faya-fayan da na jera a bango. Ta ajiye ƙwaryar, ta ciro guda, ta juya bayansa, ta bi saƙar da ɗan yatsa daga cibiya har baki. Sai kawai ta zauna a ƙasa, a tsakiyar hanyar mutane.

Na ɗauka jiri ne, na kawo ruwa, ta ƙi karɓa. Na ce ko tana so ne in rage mata, ba ta ko kalle ni ba. Can ta ce, “Baiwar Allah, wadda tay yi wanga hwaihwai, an ce muna ta rasu. Har an yi muna gaisuwa.”

Abin da ya fara zo mini shi ne kayan mamaciya aka kwaso daga wani kango aka kawo mini, yanzu za a tara mini jama'a. Na ciro wani irinsa daga jerin na shinshina, sai na ji ƙanshin sabuwar kaba, rinin ma har yana kama hannu. To mamaci na saƙa ne? Na ce mata faifai ai faifai ne, duk kamarsu ɗaya. Ta jera shi da wani ta nuna mini: na kowa saƙarsa ta nufi gefe guda, wannan kuwa ta juya baya, don mai shi bahaguwa ce. Kuma a baki ta tufke da jan zare sau biyu, yadda ake yi a gidansu. Shekara da shekaru ina sayar da faifai, ban taɓa sanin yana da dama da hagu ba.

Na ce to ta faɗa mini sunan mai shi, in tambaya. Nan fa aka yi ta. Sai ta sunkuyar da kai ta ce wata yarinya ce. Wace yarinya? Ta gidansu. Ƙanwarta ce? Shiru. Jikarta? Shiru. Ni da ba ni da haƙurin jan magana, raina ya soma ɓaci. Mutum ya zauna maka a ƙofar shago ranar kasuwa, ya ce ka nemo masa wanda ya mutu, kuma ya hana ka suna! Har na fara zargin ko wahala ta taɓa mata kai. Amma yadda ta ƙanƙame faifan nan ya hana ni sallamarta.

Da yamma dillaliyar da ke kawo mini kayan Bakura ta iso. Maimakon ta warware, sai ta ƙara dagula lissafi. Ta rantse cewa faya-fayan na wata dattijuwa ce a Damri ta ƙasar Bakura, wadda aka haifa a can, ta tsufa a can, ba ta taɓa taka ƙasar Maradun ba, kuma da hannun dama take cin tuwo. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce a kai ta. Na dubi wannan, na dubi waccan, na rasa wadda zan gaskata. Har yau ban san abin da ya sa na ce da ni za a je ba. Ina jin tsabar ruɗewa ce.

Kashegari na rufe shago muka kama hanya mu uku, mota ta sauke mu, babura suka ƙarasa da mu. Duk tsawon tafiyar faifan na rungume a ƙirjin tsohuwa cikin mayafi. Ni kuwa ina ta tunanin abin da zan ce mata in muka je muka tarar ba haka ba ne. A karo na biyu ke nan za a kashe mata mutum, kuma ni na kawo ta.

Dattijuwar Damri ta karɓe mu da shimfiɗa da fura. Da aka nuna mata faifai ta ce nata ne, ba ta ko ƙifta ido ba. Na fara shirin ba tsohuwa haƙuri. Amma na lura yatsunta duk sun kumbura, ludayi ma da ƙyar take riƙewa, balle basillar saƙa. Tsohuwarmu ba ta yi musu ba, ta dai ambaci sunan ƙauyensu a hankali. Sai fuskar dattijuwar, mai gidan, ta canza. Ta ce akwai baƙuwa da ta tsinta a bakin hanya lokacin da aka watse, ba takalmi, ba kowa. Mijin baƙuwar ya rasu a tashin, an kuma tabbatar mata uwarta ta mutu a daji. Tsoro ya sa ta roƙi kada a bari kowa ya san tana nan, shi ya sa aikinta ke fita da sunan gidan.

Sai dattijuwar ta juya ta tambayi tsohuwa, “Ke kuwa, baiwar Allah, mi take gare ki?” Tsohuwa ta kau da kai. Mai gida ta ƙura mata ido, ta sassauta murya ta ce, “Ta hwari ce?” Tsohuwa ta gyaɗa kai.

Sai a lokacin kaina ya waye. Ashe ’yarta ce ta fari. Matan da, irin su kakata, ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa cewa nawa ne a gaban mutane, ba sa ko yi masa fara'a. Na san al'adar sarai, amma mu na cikin gari mun daɗe da sakinta, ban taɓa zaton akwai wadda za ta riƙe ta har a irin wannan hali ba.

Aka aika ɗakin baya. Wata mata ta fito tana gyara ɗankwali, basilla a hannunta na hagu. Tana ɗaga ido ta tsaya cak, basillar ta faɗi, ta durƙushe a bakin ƙofa tana kuka ba sauti. Ni na riga na miƙe, ina jiran a rungumi juna. Tsohuwa ba ta motsa ba. Kallo ɗaya ta yi mata, ta mai da fuska bango, hawaye na bin kuncinta har cikin wuya. Sai ta ce da mai gida, ba da ’yar ba, “Allah shi saka miki da Aljanna. Amma ta rame.”

Ni ce na yi kukan da ƙarfi a madadinsu, har dillaliya ta ja ni waje.

Abin da na koya a ranar shi ne, in mutum ya tsaya gabanka ya kasa faɗin abin da ke cinsa, kada ka yi saurin cewa ba shi da hankali ko ba shi da gaskiya. Wani abin ya fi ƙarfin bakin mai shi. Sauran kaɗan in kori uwa daga ƙofar shagona, don kawai ta kasa cewa “’yata”.