Injin Kwance Noti Mai Ruwan Ɗorawa

Jiya na shiga shagon Emeka mai kayan mota neman injin kwance notin taya mai batir. Na gaji da kokawa da sufana dab da dokar hana fita, masu faci duk sun tashi.

Ya miƙo wani baƙi. "Alhaji, wannan ya fi araha, ya fi ƙarfi."

Na juya shi a hannu. Bindiga sak, har da kunama.

Na ce, "Emeka, in soja ya buɗe but ɗin mota a shinge ya gan shi, kai za ka zo ka yi bayani?"

Sai ya ɗauko mai ruwan ɗorawa. Ya fi tsada, ƙarfinsa bai kai ba. Shi na saya.

A Potiskum yanzu ko kayan aiki sai ka duba kalarsa. Ku ma haka kuke sayayya?