Tallar Da Ta Sa Aka Ɗauke Ni Infoma

Komai zan iya mantawa na zamana a bakin bodar Jibiya, ban da makon da mutane suka ɗauke ni infoman ɓarayin daji, ni kuwa ina zaune ban sani ba.

Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da inda manyan motoci ke jira. 'Yan kasuwarmu da na Maraɗi sukan zo in buga musu takardun kaya, in tura musu ta imel. Da na fara sayar da fitilun sola, sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka basira ce: ga adireshin imel na mutane jibge a kwamfutata, me zai hana in tallata musu? Na tura wa kowa a tashi ɗaya. Don burgewa ma, na sa kowane saƙo ya kira mutum da sunansa da garinsu, na ƙara da cewa mun san yana yawan bin hanyar Jibiya, za mu same shi har gida. Sunan shagona ban sa ba, na ƙirƙiro wani sunan kamfani mai ƙyalli.

Kwana uku shagon ya yi tsit. Ni dama mutum ne mai saurin zargi, nan take na ɗora wa maƙwabcina mai irin sana'ata, na ce shi ke kore mini mutane. Mai shayi ya riƙa kallona ta wutsiyar ido, shi ma na sa shi a layin waɗanda nake zargi.

Rana ta huɗu wani Alhaji dillalin hatsi daga Bugaje ya shigo, ko zama bai yi ba. Ya dire wayarsa bisa teburina.

"Malam, kai ɗai na taɓa ba wanga adireshi," in ji shi. "Mi ya kai shi hannun waɗanga mutane? Sun san sunana, sun san garinmu, sun ce suna zuwa har gida. Iyalina na kwashe na kai Katsina."

Na ce, "Alhaji, wallahi ni ne na turo. Talla ce."

"Talla? Kasuwa duka ana faɗin kai ka saida sunayenmu."

Tsoro ya kama ni sosai, don na san a yankinmu wanda aka liƙa wa wannan suna ba a cika jiran bayaninsa ba. Na kira mijin ƙanwata, lauya ne, ina neman ya tausaya mini. Ina! Cewa ya yi ko a doka ban da gaskiya: ba a tura wa mutum talla sai da yardarsa, dole ka faɗi ko kai wane ne, ka kuma ba shi hanyar cewa ya isa.

Washegari na ɗauki kwamfutar na kai gaban shugabannin 'yan kasuwa. Na nuna musu komai, na goge adireshin suna kallo, bayan na tura saƙon ban haƙuri da sunana na gaskiya. Sun yarda da ni, alhamdulillahi. Alhaji ya dawo da iyalinsa, amma har yau bai sake tako shagona ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga nan na gane adireshin da mutum ya ba ni don aiki guda amana ce. In ina so in yi masa talla, sai in buɗe baki in tambaye shi.